Ƙaho a Bayan Inna

A Zariya aka yanke wa Inna nonon hagu, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Ciwon daji ne. Bayan aikin sai suka ɗora ta a kan wata allura ja kamar zoɓo, da ake ɗura mata ta jijiya duk bayan 'yan makonni. Ni ke raka ta. Baba ya rasu, yayyena maza suna Kudu wajen neman abinci, kuma ni kaɗai ce a gidan na gama sakandare, ina gane abin da likita ke faɗa in ya juya harshe. In mun taso daga Zariya takan daure har Funtuwa. Daga Tsafe take fara amai, kafin mu hango duwatsun Kwatarkwashi ta jiƙa zanenta da nawa. Fasinjoji su toshe hanci, ni kuma duk wanda ya yi tsaki in wanke shi tas.

Tun zuwan farko likitan Zariya ya ja mini kunne. Ya ce allurar nan ba ta tantance daji da lafiyayyen nama, duk abin da ke saurin tsiro a jiki take kashewa, shi ya sa gashi ke zuba. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu faɗa da cuta, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu sa jini ya daskare in an ji rauni. Su ma share su take yi, sai an kwana biyu su dawo. A wannan tsakanin, in ji shi, ko ƙaya kada ta soke ta, kada kowane irin ƙarfe ya keta mata fata. In jikinta ya yi zafi a kai ta asibiti mafi kusa, ba jira. Na gaya wa Inna, na gaya wa Kawu, yayanta da suke ciki ɗaya, na gaya wa duk mai kunne. Kowa ya ce to.

Bayan wata dawowa tamu Kawu ya zo Gusau ya ce zai tafi da ita Furfuri ta huta, don gidanmu hayaniya ta yi yawa, ga injin niƙa a bayan katanga. Gaskiya ya faɗa, sai na bari. Na tsaya ina kula da ƙannena. Ranar da na je duba ta da hantsi na isa, ɗauke da kwanon farfesun kaza.

Tun daga zaure na ji ƙarni. Da na shiga sai ga Inna rub da ciki a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, bayanta a buɗe, kanta ƙwal babu gashi ko sili, an jera mata ƙahoni daga kafaɗa har ƙugu. Tsohon wanzamin garin yana tsugune, bakinsa a kan tsinin ƙaho yana zuƙa. Matar Kawu, wadda muke kira Gwaggo, ta danne mata ƙafafu saboda karkarwar da take yi. Duk inda aka ɗaga ƙaho jini bai tsaya ba, yana bin haƙarƙarinta yana taruwa a tabarma, ƙudaje sun yi baƙi a kai. A gefen sababbin tsagun akwai wasu na kwanakin baya, sun kumbura sun yi baƙi, suna tsatsar ruwa.

Na ce, "Mine ne wanga?"

Gwaggo ta ce, "Ke ba ki iya sallama ba? Mataccen jini aka hidda mata. Shekaranjiya anka yi na hwari, sai masassara ta taso mata. Kin ga ke nan bai ƙare hita ba, shi ya sa munka sake kiran shi."

Wanzamin ya ɗaga wani ƙaho ya juye a kasko. Abin da aka saba gani shi ne gudan jini ya faɗo kamar hanta. Nata tsararo ne, kamar ruwan wankin nama. Ya duba ya girgiza kai ya ce, "Ban taɓa ganin jinin da ya ƙi kwanci irin wanga ba. Dahin allurar nan ya yi mata yawa. Sai an ƙara tsaga ta ƙasa." Ya ɗauko aska ya goga a tafin hannunsa.

Kwanon farfesun na kwaɗa masa a kai. Hularsa ta yi gefe, romo ya wanke masa fuska, ya faɗi zaune yana salati. Na bi ƙahonin nan ina fizga ɗaya bayan ɗaya ina bugawa da turmi, na ɗauki zabirarsa na wurga ta bayan katanga. Da na juyo kansa ya ɗaga hannu don ya kare fuska, askar tana hannun, ta keta ni daga wuyan hannu zuwa kusan gwiwar hannu. Ba da nufi ya yi ba, kuma a lokacin ko zafi ban ji ba. Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana kururuwa, mata suka fara leƙowa ta kan katanga.

Kawu ya shigo a guje da igiyar shanu a hannu. Bai tambayi komai ba, ya ɗauke ni da mari, na faɗi kan turmi. Ya shiga zabga mini igiyar nan a baya, a wuya, a duk inda ta samu, yana cewa, "Tsohon da ya yi miki askin suna! Tsohon da ya cire miki beli! Don kin yi boko?" Na rarrafa na kai hannu ga taɓarya, na miƙe da ita.

"Kawu, wallahi in ka ƙara matsowa sai na hwasa maka kai."

Haƙoran Inna suna ta haɗuwa. Sai ta ɗaga kai ta dubi Kawu, ta ce masa ya kore mata awakin da suka hau gadonta, za su cinye mata lalle. Babu akuya ko ɗaya a wurin, kuma ba ta san wanda take yi wa magana ba. Igiyar ta sulale daga hannunsa.

Na yafa mata zane, na goya ta kamar jaririya, na ɗaure da gyalena. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma zafin jikinta yana ƙona mini baya. Na fita da ita bakin titi. Lokacin wahalar mai ne, motoci jefi-jefi suke wucewa, duk wadda ta zo kuma a cike take har saman but. Direba ya rage gudu, ya ga jini a jikina da nata, ya ƙara wuta. Wani ya leƙo da kai ya ce su ba su ɗaukar gawa. Na kwantar da Inna a gefen hanya, na ɗauki dutse da hannu biyu, na tsaya a tsakiyar kwalta. Wata a-kori-kura ɗauke da buhunan gero daga wajen Bunguɗu ta ci burki har ta karkace, hancinta ya kusa taɓa cinyata. Direban ya diro da bulalar roba yana zagin uwata. Na ce masa ga uwar tawa can kwance, ko ya ɗauke ta ko dutsen nan ya shiga gilashinsa. Ya waiwaya ya gan ta. Ya ce innalillahi, ya yar da bulalar, shi da kansa ya ɗaga ta ya shimfiɗa a kan buhuna. Muna shirin tashi Kawu ya iso yana haki, ya hau baya, bai dube ni ba.

A asibitin Gusau wani matashin likita muka samu, mai Hausar Kano, idanunsa jajur don gajiya. Ya ɗaga zanen ya ga bayanta, ya tambayi wanda ya yi wannan aikin. Na nuna Kawu da baki. Likitan ya juya ya kira nas. Nan take aka sa mata ƙarin ruwa a hannu biyu, aka fara allurai, aka sa mata robar fitsari. Aka ɗebi jininta a sirinji, inda allurar ta shiga ya ƙi tsayawa sai da nas ta daɗe tana danne da auduga. Ni ma aka ɗinke mini hannu.

Kawu ya ce, "To ga shi su ma jinin suka ɗiba. Namu kaɗai ad da laihi?"

Likitan ya ce, "Baba, mu cikin cokali muke ɗiba, don mu tambaye shi labari."

Da sakamakon ya fito na tare shi a baranda. Na ce, "Likita, kada ka yi mini kwana-kwana. Za ta mutu ko za ta tashi?" Ya dube ni, ya dubi shatin igiya a wuyana, ya ce in biyo shi. Ya kai ni ɗakin gwaji, ya roƙi mai awon jinin ya bar ni in leƙa madubin. Na taɓa leƙa irinsa a makaranta, na san jajayen ƙwayoyi, na san fararen kan fito da launin shunayya in an zuba musu rini. Jajayen na nan birjik. Aka yi ta zagaya gilashin, dama da hagu, ban ga mai shunayya ba sai can wata guda a gefe.

Ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga ta tsagun nan sun bi jini, kuma babu mai tare su a ciki. Alluran da ake yi mata riƙe su kawai suke yi. Abu uku zai riƙa dubawa kullum: fararen nan, da masu daskarar da jini, da dattin da ƙoda ke tacewa, wanda in ƙoda ta fara gazawa yake taruwa. In ɓargonta, inda ƙwayoyin jini ke fitowa, ya farka ya fara turo farare kafin ƙoda ta mutu, akwai tsammani. In ƙodar ta riga, sai haƙuri. Ya ce, "Kada ki bi ta fuskarta. Jinin zai gaya mana kafin jikin ya nuna."

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin ciwo ya yi wa mutum irin wannan dukan ba. Dasashinta yana zubar jini, hancinta yana haɓo, cinyoyinta suka fito da tabo kamar an jibge ta da sanda. Tana fizgar robar ƙarin ruwa har sai da aka ɗaure hannuwanta da bandeji a jikin gado. Kowace safiya za a kifa ta a kankare ruɓaɓɓen naman bayanta, ni ke hawa kan kafaɗunta in danne. Tana ihu, tana cizon katifa, tana ce mini Allah ya isa, ni da na sha nononta. Aka ce ana bukatar jini. Mazan da suka zo dubiya suka zare ɗaya-ɗaya, wannan ya ce bai karya ba, wancan ya ce jiri yake ji. Kawu ne ya naɗe hannun riga ya kwanta aka ɗiba, fuskarsa a bango. Duk safiya a ɗebi na Inna a kai gwaji, duk hantsi likita ya ce mini da saura, dattin ƙoda kuma hawa yake yi.

Wata safiya ya aiko nas ta kira ni ɗakin gwaji. Na leƙa, sai ga masu shunayya nan da can, ba yawa, amma ba sai an yi ta nema ba. Wasu manya-manya ne, ya ce sababbi ne, yanzu suka fito daga ɓargo. Dattin ƙoda bai sauka ba, amma ya daina hawa. Ya ce, "Ɓargo ya farka. Yanzu kada a motsa ta, kada allura ɗaya ta wuce lokacinta." Daga nan aka kira shi ɗakin tiyata.

Na koma ɗakin mata da gudu, na tarar da shi cike da mutanenmu, na Furfuri da na Magami. A ranar Inna ta fi kowace rana muni a ido. Ta kumbura, idanunta sun kafe sama, tana numfashi da kakari. Gwaggo tana ɗiga mata ruwa a baki tana laƙanta mata kalmar shahada. An kwance bandejin hannuwanta. Babban ɗan Kawu, wani ƙato mai sana'ar dako, ya riga ya zare robar ƙarin ruwa ɗaya, jini yana bin hannun yana ɗiga a siminti. Nas ɗaya ce a ɗakin, tana ta roƙonsu, babu mai sauraronta. Kawu ya samo mota tana jira a waje. A wurinmu in an ga mutum ya ɗauki hanya, gida ake maida shi tun yana numfashi, ya cika a ɗakin ubansa, a wanke shi a sa shi kusa da iyayensa kafin rana ta faɗi. Babu mai son a ce nasa ya kwana a ɗakin ajiye gawa.

Ƙarfen da ake rataya ledar ruwa na fizgo, na ja ƙofa na tsaya a bakinta.

"Ba mai hita da ita."

Kawu ya ce, "Kauce, ɗiyar ga. Kin yi naki, mun gani. Bari ta cika gidan ubanta."

"Ba cikawa za ta yi ba. Jininta ya hwara tashi, na gani da idona."

"Mi kinka gani?"

"Hwararen ƙwayoyin sun dawo."

Gwaggo ta ce, "Wagga ɗiya ta haukace. Ga mutum gabanki rai na hita, kina zancen abin da kinka leƙa cikin gilashi."

Ɗan Kawu ya saki Inna ya nufo ni. Na zabga masa ƙarfen a ƙauri, ya durƙusa, ya taso ya cafke ni a wuya ya haɗa ni da ƙofa. Bakina ya bugi ƙarfen sakata, na ji haƙorina na gaba ya karye, jini ya cika mini baki. Ya kama ƙarfen yana murɗawa zai ƙwace, na kafa sauran haƙoran a bayan hannunsa, ban saki ba sai da na ji ɗanɗanon jininsa ya haɗu da nawa. Ya yi ƙara ya naushe ni a kunne, ɗakin ya juya, amma ban bar bakin ƙofar ba. Marasa lafiya suna ihu, wata mai jego ta shige ƙarƙashin gado da jaririnta, maigadi yana dukan ƙofa da kulki ta waje.

Kawu ya daka wa ɗansa tsawa, ɗan ya ja baya. Sai na ga hawaye yana bin gemun Kawu. Ya ce, "Tun tana rarrahe nike ɗaukar ta. Kina son ta cika nan cikin baƙi, su jehwa ta cikin ƙanƙara kamar kihi?"

Na tofar da jini na ce, "In ta cika nan, ni za ni goya ta har Hurhuri da ƙahwata. Amma da ranta ba ta hita."

Ana haka likita ya iso da rigar tiyata a jikinsa, na buɗe masa. Bai kula kowa ba sai da ya mayar da ƙarin ruwan ya ɗaure hannun. Sannan ya juyo ya ce, "Baba, rai na Allah ne, ban ce muku ba za ta mutu ba. Abin da na gani a jininta yau ya fi na jiya. In kun fita da ita yanzu, ko bakin gari ba za ta kai ba. In kun bar ta, wataƙila."

Kawu ya daɗe yana kallon ƙanwarsa. Ya sunkuya ya shafa kanta, ya yi mata addu'a a kunne. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "In ta cika nan, ni da ke har abada." Ya fita, duk suka bi shi, Gwaggo tana kuka, ɗansa yana ɗingishi. Ko tabarma ba su bar mini ba.

Na zauna a bakin gadon da ƙarfen a kan cinyata, leɓena ya kumbura ya rufe mini rabin baki. Ranar ta wuce babu canji. Washegari ma haka, ina kallon ƙirjinta yana ɗagawa yana tsayawa, in ya daɗe bai ɗaga ba in girgiza ta. Likita ya ce fararen sun ƙaru, na ce masa ni fa ban ga komai a jikinta ba, in ƙarya yake yi mini ya faɗa tun yanzu. Ya ce in dubi ledar fitsari. A da ba ta tara abin da ya wuce 'yan ɗigo masu kama da shayi, yanzu ta kusa rabi. Daga baya gumi ya karyo mata, ya jiƙa zanen gado sharkaf, goshinta ya yi sanyi a tafin hannuna.

Da rana tsaka ta buɗe ido. Ta bi silin da kallo, ta bi ledar ruwa, ta sauko kaina ta tsaya.

"Wa ya hwasa miki baki?"

Na gaya mata komai, tun daga kwanon farfesu har cizon. Ta rufe ido, na ɗauka barci ya koma da ita. Can ta ce, "Ni na aika anka kira wanzamin. Bayana ya yi min nauyi."

"Inna, ban gaya miki abin da likita ya ce ba?"

"Tun ina budurwa duk shekara nike ƙaho, bai taɓa kashe ni ba."

"Wanga karo saura ƙiris."

"In na tashi za ki kai ni gun yayana. Ki durƙusa ki ba shi hanƙuri, shi da tsohon nan."

"Ba ni durƙusawa."

"Za ki durƙusa, marar kunya. Miƙo min ruwa."

Na tallafo kanta na kafa mata kofi. Ta sha rabi ta ture da haɓa, ta ce ruwan asibiti warin magani gare shi, in tashi in nemo mata kunun tsamiya mai zafi.